ƘASHIN DA BAI JINGINA DA KOWANE ƘASHI BA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan wani ɗan ƙashi ne da ke cikin wuyan kowannenmu. Kafin ka ci gaba da karatu, ɗan ɗaga haɓarka, ka sa babban yatsa da manuni a ƙarƙashin muƙamuƙi, sama da zakaran wuya da kamar faɗin yatsa guda. Riƙe a hankali, a hankali na ce, kar ka matse. Ka ɗan tura dama, ka tura hagu. Za ka ji wani abu mai tauri yana bin yatsunka. To yanzu haɗiyi yawu. Ka ji ya yi sama ya dawo? Shi ne.

Likitoci suna kiransa hayoyid, ni kuma a nan zan riƙa ce masa ƙashin gindin harshe, don a kansa saiwar harshe take zaune. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a ƙidayar da aka saba koyarwa. Ka duba su duka, kowanne yana manne da wani ko yana da gaɓa da wani: na cinya da na ƙugu, na haƙarƙari da na baya, har ƙananan nan uku da ke cikin kunne suna riƙe da juna. Wannan kaɗai ne ba ya taɓa wani ƙashi. A rataye yake, tsoka da jijiya ne suke riƙe da shi ta sama da ta ƙasa, kamar yadda igiyoyi suke riƙe da rumfa.

Sunan nasa daga siffarsa aka samo. Girkawa sun ga ya yi kama da wani harafinsu mai suna upsilon, daga nan kalmar hayoyid ta fito. Larabawa kuma suna ce masa al-azmul lamiy, wato ƙashi mai kama da lam, amma lam ɗin Girkawa ake nufi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 428 bayan hijira (1037), ya ambace shi da wannan suna a cikin Al-Ƙanun fiɗ-Ɗibb, wajen bayanin maƙogwaro da tsokokinsa. Kenan shekara kusan dubu da ta wuce malaman Musulmi suna koyar da shi a majalisinsu. Idan kana son ganin siffarsa a zuciyarka, ɗauki harafin nun na Larabci, ka cire ɗigon, ka kwantar da shi a cikin wuya, cikinsa yana gaba, bakinsa yana kallon ƙeya. Tsakiyar nan mai kauri ita ce gangar jikinsa. Daga gefenta biyu dogayen ƙahoni biyu suka miƙe baya. A daidai mahaɗar kowane dogon ƙaho da gangar jiki kuma akwai ɗan ƙaramin ƙaho, kamar ƙwayar shinkafa, yana kallon sama. Gunduwa biyar kenan. Duka-duka tafin hannun yaro zai ɗauke shi. A babban mutum yana zama ne daidai saitin ƙashin wuya na 3.

Igiyoyin da suke riƙe da shi kuwa daga nesa wasu suka taso. Akwai waɗanda suka sauko daga muƙamuƙi da haɓa, su ne shimfiɗar ƙasan baki. Akwai wadda ta sauko daga wani ɗan tsinin ƙashi da ke ƙasan ƙoƙon kai, ta bayan kunne. Ta ƙasa, akwai wadda ta hauro daga ƙashin ƙirji, da wadda ta hauro daga guringuntsin zakaran wuya, da wata siririya wadda tun daga allon kafaɗa ta taso ta ratso wuya ta zo ta kama shi. Ka ji fa, daga kafaɗa. Sannan tsokar da ke jan harshe ƙasa da baya daga kansa ta tsiro, haka wani ɓangare na bangon maƙoshi. Idan na sama suka ja, sai ya hau. Idan na ƙasa suka ja, sai ya sauka. Idan na ƙasa suka riƙe shi ƙam, na sama kuma suka ja, sai muƙamuƙi ya sauko, baki ya buɗe.

Me ya sa aka bar shi a rataye? Ka lura da abin da yake faruwa a loma guda. A maƙoshi hanyar iska da hanyar abinci suna haɗuwa su gicciye juna: ta iska tana gaba, ta abinci tana baya. Duk abin da ka haɗiya sai ya tsallake bakin hanyar iska kafin ya faɗa tasa. A daidai lokacin haɗiya, tsokokin sama suna fizgar ƙashin gindin harshe sama da gaba. Shi kuma yana janyo maƙogwaro gaba ɗaya, ya cusa shi ƙarƙashin saiwar harshe. Wani ɗan murfi na guringuntsi da ke ɗaure a jikin ƙashin sai ya kife a bakin hanyar iska, igiyoyin murya su rufe, numfashi ya tsaya. Wannan jan da aka yi gaba kuma shi ne yake buɗe ƙofar hanyar abinci ta baya. Duk wannan cikin kamar sakan ɗaya, sannan komai ya koma mazauninsa. Kana yin haka sau ɗaruruwa a yini, har cikin barci, ba ka taɓa ba da umarni ba. Da a ce an kafe ƙashin nan a jikin ƙashin wuya, da wannan tafiyar ba ta yiwu ba. Subhanallah.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai gidaje da yawa da wannan magana ta shafa. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa wannan jan yana yin rauni ko ya makara. Sai ruwa ya riga murfi isa, ya zurara cikin huhu. Wani zai ƙware ya yi ta tari, mu gane. Wani kuwa ko tarin ba zai yi ba, saboda jin wurin ma ya mutu, sai dai ka ji muryarsa ta jiƙe kamar mai kurkure maƙogwaro, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, a ce ciwon huhu ne. Da yawa daga cikin masu shanyewar jiki wannan ne yake zama ajalinsu. Don haka ke 'yar uwa mai jinyar Baba, kai ɗan uwa mai jinyar Inna: kada a ba su abinci suna kwance. A zaunar da su sosai, a tokare baya, kai kada ya ɗaga sama. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ga mafi yawansu kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin sarrafawa, don ruwa gudu yake yi. Bayan an gama a bar shi a zaune kamar rabin awa, a kuma wanke masa baki. Wanda ya fita hayyacinsa kuwa ba a zuba masa komai a baki, ko da zamzam ne, ko ruwan addu'a. A jiƙa masa leɓe ya wadatar. A manyan asibitoci akwai gwajin da ake yi: a ba majinyaci wani farin ruwa mai suna bariyom ya haɗiya, ana ɗaukar hoton eksire mai motsi daga gefe. A allon za ka ga ƙashin nan yana hawa yana sauka, likita ya ga inda lomar take kaucewa, ya faɗa wa iyali irin abin da za su riƙa ba shi.

Irin wannan haɗari ne a ɗurar da wasu iyaye mata suke yi wa jarirai, a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tsiyaya masa koko yana kuka. Mai kuka hanyar iskarsa a buɗe take. Allah Ya kiyaye, a daina.

Sai magana. Suratul Balad, aya ta 9, ta lissafa harshe da leɓɓa biyu a cikin ni'imomin da Allah (SWT) Ya yi wa mutum. Harshe tsoka ne zalla, kuma tsoka ba ta aiki sai tana da wurin da za ta dogara ta ja. Gindin harshe a kan wannan ƙashi ya dogara, kuma da yake ƙashin yana motsi, faɗin maƙoshi da tsawonsa suna canzawa daga harafi zuwa harafi. Ɗaliban tajwidi sun san haruffan maƙoshi guda 6: hamza da ha'un kuri daga can ƙurya, ain da ha ƙarami daga tsakiya, gain da kha daga kusa da baki. Al-Khalil bin Ahmad, malamin Sibawaihi, da ya tashi jera ƙamusunsa bisa mafitar haruffa, daga maƙoshi ya faro, shi ya sa ake kiran littafin Kitabul Ain. Ibn Sina ma yana da 'yar risala mai suna Asbabu Hudusil Huruf, inda ya yi bayanin ƙirar maƙogwaro da harshe kafin ya shiga haruffa ɗaya bayan ɗaya. Da aka samu na'urorin ɗaukar hoton mai magana, sai aka ga abin da yake faruwa wajen furta ain da ha: saiwar harshe da murfin nan suna ja baya su ƙuntata tsakiyar maƙoshi, maƙogwaro kuma ya ɗan hau. Mu Hausawa ba mu da waɗannan biyun a harshenmu, shi ya sa ain take koma mana hamza. Ga dabara ga mai koyo: ka sa yatsa a kan ƙashin nan, ka furta hamza, sannan ka furta ain, ka ji bambancin motsin da hannunka. Amma wannan taimako ne kawai, karatu daga bakin malami ake karɓarsa.

Wasu za su so in ce ga ayar da ta yi bayanin wannan ƙashi shekara 1400 kafin Turawa su gano shi. Ba zan faɗa ba, kuma ina jan kunnen matasa masu yaɗa irin waɗannan rubuce-rubuce. Girkawa sun san shi tun kafin aiko Annabi (SAW). Alƙur'ani ya ambaci hulƙum a Suratul Waƙi'a, ya ambaci ƙasusuwan karankarma a Suratul Ƙiyama, ya ambaci jijiyar wuya a Suratu Ƙaf, kuma ya umarce mu da duba a cikin kawunanmu a Suratuz Zariyat. Wannan umarnin ya ishe mu hujjar yin darasi irin wannan, ba sai mun ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba.

Mu koma cikin mahaifa. A mako na 4 zuwa na 5 da shigar ciki, ɗan tayi bai fi ƙwayar wake ba, wasu kumburai suna fitowa a jere a gefen inda wuya zai kasance, dama da hagu, kamar kunyoyin gona. Daga na farko muƙamuƙi zai fito. Abin da aka saba koyarwa shi ne, daga na 2 ƙananan ƙahonin ƙashinmu da saman gangar jikinsa suke fitowa, daga na 3 kuma dogayen ƙahoni da ƙasan gangar jiki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 2 ɗin nan. Doguwar sanda ce ta guringuntsi daga kunne zuwa maƙoshi. Can samanta ya zama ƙashin da ya fi kowanne ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, wanda yake cikin kunne yana miƙa sauti, mai kama da likkafar sirdi. Ƙasa da shi ya zama tsinin nan na ƙasan ƙoƙon kai. Tsakiyarta ta narke ta koma jijiya. Ƙarshenta ya zama ƙaramin ƙahon ƙashin gindin harshe. Wato kayan ji da kayan furuci daga sanda guda aka yanko su.

Da farko duk guringuntsi ne. Ƙashi na gaske yana fara tsirowa a cikinsa daga wurare 6: biyu a gangar jiki, ɗaya a kowane ƙaho. Na dogayen ƙahoni suna farawa gab da ƙarshen ciki, na gangar jiki a wajajen haihuwa, na ƙananan ƙahoni sai daga baya. A jariri ƙashin da maƙogwaron suna can sama, kusa da bayan hanci, abin da yake taimaka masa ya jera tsotso da haɗiya da numfashi yana kan nono. Yana girma suna saukowa, a namiji kuma su ƙara sauka lokacin balaga, sa'ad da murya take buɗewa. Tsakanin gangar jiki da dogon ƙaho akwai 'yar tazara ta guringuntsi da take ba shi damar lanƙwasawa. A mutane da yawa tana haɗewa ta zama ƙashi guda idan shekaru suka ja. A wasu gefe ɗaya ne yake haɗewa. A wasu har su tsufa ba ta haɗe ba, kuma lafiyarsu lau. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wata baƙuwa da take ratsawa ta wurin tun a cikin mahaifa. Halittar nan da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, likitoci kuma suke kira tayirod, asalinta daga saiwar harshe ta tsiro. Sai ta yi ƙaura ta gangaro, ta bi ta jikin ƙashin gindin harshe, ta isa mazauninta a ƙasan wuya wajen mako na 7. Hanyar da ta bi kamar ɗan bututu ce da ya kamata ta shafe. Idan wani yanki ya rage, watarana sai ya tara ruwa. Za ka ga yaro da ɗan ƙullutu a tsakiyar wuya, daidai ƙashin nan ko ƙasa da shi kaɗan, sumul, ba ya ciwo. Alamarsa: idan yaron ya haɗiyi yawu ko ya zaro harshe, sai ƙullutun ya yi sama, don a ɗaure yake da ƙashin da kuma saiwar harshe. Mura ta kama yaro, sai ya kumbura ya yi ja kamar maruru.

To a nan ake kuskure. A ɗauki yaro a kai wa wanzami, ko wani mai shago da ya koyi allura, a tsaga. Ruwa ya fita, kowa ya ji daɗi. Bayan wata biyu ya dawo, ko ya bar ɗan rami a wuya yana tsiyayar ruwa shekara da shekaru, har a fara zargin maƙwabta. Dalili kuwa bututun yana nan, kuma ya naɗe da tsakiyar ƙashin. Wani likitan fiɗa a asibitin Mayo da ke Amurka, Walter Sistrunk, ya bayyana maganin wannan tun 1920: a cire jakar ruwan, a yanke tsakiyar ƙashin gindin harshe a haɗa da ita, a bi hanyar har kusa da saiwar harshe. Da wannan aiki dawowar ciwon ta zama kaɗan ƙwarai, kuma har gobe da sunansa ake kiran aikin. Iyaye kan firgita idan suka ji za a yanke ƙashi a wuyan ɗansu. Ku kwantar da hankali, tsokokin suna haɗewa su riƙe gefe biyun, yaro ya ci gaba da haɗiyarsa da karatunsa. Kafin aikin likita zai sa a yi sikanin wuya don ya tabbatar tayirod ɗin tana mazauninta, saboda a wasu 'yan tsiraru ba ta gama ƙaurar ba, ƙullutun da ake gani shi ne duk abin da suke da shi. Ka ga wanda ya sa aska ba tare da hoto ba, bai san abin da yake yankawa ba.

Jijiyar nan kuma da na ce ta narke daga tsakiyar sanda, a wasu mutane takan koma ƙashi, ko tsinin ƙoƙon kai ya yi tsawo ya wuce santimita 3 da aka saba gani. Mafi yawan masu wannan ba su ma sani ba, sai likitan haƙori ya gani a hoton muƙamuƙi. Kaɗan daga cikinsu kuwa suna shan wahala: jin kamar ƙayar kifi ta maƙale a gefe ɗaya, zafi wajen haɗiya ko juya kai, zafin har ya harba kunne alhali kunnen lafiya. Wani likitan kunne da maƙogwaro Ba'amurke, Watt Eagle, ya yi bayanin wannan a 1937. Ina kawo shi ne saboda yawan masu cewa an tura musu wani abu ya tsaya a wuya. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, a yi ta. Amma idan abu ya daɗe a gefe ɗaya, musamman ga mai shan taba, ko murya ta dushe makonni, ko nama yana zubewa, a je a leƙa maƙogwaron a ɗauki hoto, don akwai cututtukan da suka fi wannan tsanani da suke fara sallama da irin wannan alama. Masu minsharin da numfashi yake ɗaukewa cikin barci ma, waɗanda suke gyangyaɗi tun liman bai gama huɗubar farko ba, sau da yawa hoton gefe yana nuna ƙashinsu ya sauka ƙasa da na sauran mutane.

Ga masu karanta hoto, wannan ƙashi kamar dutsen kan iyaka ne. Suna raba wuya gida biyu, sama da shi da ƙasa da shi, kuma da shi suke tantance matakin kaluluwar wuya a hoton siti-sikan. Eksire na gefe yana nuna shi, amma ƙahon dama da na hagu suna hawa kan juna, don haka idan ana neman karaya siti-sikan ya fi. Akwai ma wani ɗan guringuntsi a wasu mutane, tsakanin ƙarshen dogon ƙaho da zakaran wuya, wanda aka raɗa wa suna daga ƙwayar alkama saboda girmansa. Idan ya yi tauri ya fito fari a hoto, wanda bai goge ba sai ya ɗauka ƙaya ce ko ɓallin ƙashi.

Mahauta da masu yanka layya, ku ma akwai rabonku. Wannan ƙashi yana nan a dabbobi, duk wanda ya gyara kan rago ya ci karo da 'yan ƙasusuwa a gindin harshe. Yana sama da kullin maƙogwaro. A mazhabar Malikiyya sharaɗi ne a yanke maƙogwaro gaba ɗaya da manyan jijiyoyin jini biyu. Idan wuƙa ta hau sama da yawa, ta faɗa tsakanin ƙashin gindin harshe da kullin, kullin ya tafi wajen gangar jiki duka, malamai sun yi saɓani. Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa Malik da Ibnul Ƙasim sun hana ci, Ash'hab da Ibn Abdil Hakam da Ibn Wahb sun halatta. Mafita mai sauƙi: laluba kullin da yatsa, ka tura shi wajen kai, ka sa wuƙa a ƙasa da shi.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Ƙashin gindin harshe da wuya ya karye, domin muƙamuƙi ya yi masa rumfa, kuma yana gocewa idan an buge shi. Shi ya sa idan likitan binciken gawa ya same shi a karye, abu na farko da zai zo masa shi ne shaƙewa. Amma a nan akwai tarko biyu. Na farko, tazarar nan da ba ta haɗe ba, musamman idan gefe ɗaya ce, tana iya kama da karaya. Gwani yana bambancewa: bakin tazara sumul yake, bakin karaya kaifi gare shi, kuma karayar da ta faru mutum yana da rai tana barin jini a naman da ke kewaye. Wanda bai iya ba zai iya rubuta rahoton da zai kai marar laifi ga igiya. Na biyu, rashin karaya ba ya wanke kowa. Wani masanin ƙasusuwa a Amurka, Douglas Ubelaker, ya tattara rahotanni a 1992, ya samu cewa ko a waɗanda aka shaƙe da hannu har lahira, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ƙashin ya karye. A yara da matasa ya fi ƙaranci, don nasu lanƙwasawa yake yi. Shaida amana ce, ta likita ma haka. Kuma ga masu ƙin a duba gawa ko da ana zargin kisa: Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1396 bayan hijira, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a 1408, duk sun halatta binciken gawa don gano mai laifi.

Ya kai magidanci da idan rai ya ɓaci hannunka yake tafiya wuyan matarka, da kai nake. Kana cewa ai ban doke ta ba, riƙe ta kawai na yi. A gefen ƙashin nan biyu manyan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa suke wucewa. Idan aka toshe su, cikin kamar sakan 10 mutum zai suma, cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa, kuma ƙarfin da ake buƙata bai kai yadda kake zato ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna macen da mijinta ko abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau 7. A Ingila tun 2022 shaƙe mutum laifi ne mai zaman kansa ko da bai bar tabo ba. Mu kuwa tun tuni Mukhtasar na Khalil ya lissafa shaƙewa a cikin kisan ganganci da ake yi wa ƙisasi. Dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa ma Suratul Ma'ida, aya ta 3, ta haramta cinta. Nana A'isha (RA) ta ba da shaida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Wannan ya haɗa da samarin da suke shaƙe juna da sunan wasa a makarantun kwana da bakin layi.

Iyaye da waliyyai, idan 'yarku ta zo ta ce ya shaƙe ni, kada ku duba wuya ku ce ai babu ko kwarzane, koma ki yi haƙuri. Sau da yawa babu abin da ido zai gani. Ku saurari muryarta ko ta dushe, ku tambaye ta ko haɗiya tana mata zafi, ko ta suma, ko fitsari ya kuɓuce mata a lokacin, ku duba fararen idonta ko akwai ɗige-ɗigen jini. Kumburin ciki yana iya toshe numfashi bayan sa'o'i, kuma bangon hanyar jini yana iya tsagewa ta ciki ya kawo shanyewar jiki bayan kwanaki, wanda siti-sikan na hanyoyin jini ne yake nuna shi. A kai ta asibiti a ranar, ko da ta ce ta ji sauƙi. A gaban likita kuma kada a ce faɗuwa ta yi a banɗaki, domin wanda aka ce wa faɗuwa ce ba zai nemi hoton wuya ba. A faɗa masa shaƙe ta aka yi, da hannu ko da mayafi, da tsawon lokacin, a sa ya rubuta. Maganar sulhu da komawa ɗaki sai bayan wannan, a gaban manya na ɓangare biyu ko a gaban alƙali.

Wallahu a'alam.